Daga Ayi Mensah zuwa Aburi a ƙafa, ni da Kawu

Duk wanda ke zaune a Madina ko Adenta, a gefen Akara ta ƙasar Gana, ya san tudun nan da ya tare gari ta arewa. In sama ta washe za ka hango shi shuɗi-shuɗi a bayan rufin kwano, in hazo ya sauka kuwa sai ya ɓace. Shi ne tudun Akuapem, wutsiyar jerin duwatsun da suka taso daga kusa da Akara suka ratsa yankin Volta da Togo har cikin Benin. Ba wani babban dutse ba ne. Garin Aburi da ke bisa kansa bai wuce mita 400 da 'yan kai ba daga doron teku, wato wajen rabin dutsen Afadja ke nan, wanda ake ba mita 885. Mutumin Jos ko Mambila in ya ji muna kiran wannan hawan dutse zai yi mana dariya. To, mu shi muke da shi, kuma ya ishi ƙafar mai shekaru.

Kawuna, yayan mahaifiyata, ya tsufa a kan sitiyari. Hanyar Akara zuwa Koforidua ya fi bi, ta Aburi da Mamfe, tun tana siririya mai lanƙwasa kafin a faɗaɗa ta a zamanin shugaba Kufuor. Bayan ya ajiye tuƙi sai zama ya kama shi, daga benci a ƙofar gida sai masallaci. Likita ya ce jininsa ya hau, ya rage gishiri, ya riƙa tafiya. Ya fara zagaya unguwa bayan asuba, bai daɗe ba ya gundura, ya ce ba abin da yake gani sai kwata da mutanen da ke binsa gaisuwa. Ni kuma na saba bin abokaina hawan Peduase ranar Asabar. Rannan ya kira ni ya ce, "Kai yaro, ka kai ni in ga wannan hawan da kuke ta kuri da shi. Ni da na hau shi da buhunan siminti a bayana."

Na ce, "Kawu, injin ne ya hau, kai kana zaune."

Ya ce zai nuna mini.

Shirin ya fi tafiyar gardama. Ya so ya sa takalminsa na fata mai santsin ƙasa, na ƙi, na je gwanjon kasuwar Madina na samo masa kambas mai taushi wanda ya ɗan fi ƙafarsa, saboda ƙafa tana kumbura in an daɗe ana tafiya. Na sa ya yi kwanaki yana zuwa masallaci da shi don ya saba. Kayan motsa jiki kuwa ya ce ko gawarsa ba za ta sa ba, don haka aka tsaya a kan ƙaramin kaftani da wando da hula. Sanda ma ya ƙi, wai ta tsofaffi ce, amma ya yarda ya riƙe doguwar lema mai ƙugiya, ni kuma ban ce komai ba tunda aikinsu ɗaya. A jakata na sa gorar ruwa babba, dabino, ƙaramar buta, sallaya, tawul, da canji na ƙananan sidi. 'Yarsa ta tabbatar ya sha maganinsa kafin mu fita, ta kuma ja ni gefe ta ce in ya fara haki in tare mota, kada in tsaya jin ta bakinsa.

Mun yi sallar asuba, muka sha koko kaɗan ba ƙosai, domin ciki mai nauyi ba ya hawa. A tashar Madina muka shiga trotro, wato motar haya, mai zuwa Aburi, na gaya wa yaron mota a Ayi Mensah za mu sauka. Adenta, Pantang, Oyarifa, duk an wuce su gari bai gama wayewa ba. Watan Oktoba ne, an yi ruwa da dare, kwalta tana sheƙi.

A Ayi Mensah, wurin tsohon shingen karɓar kuɗin hanya da aka daina karɓa a Nuwamban 2021, nan ake taruwa. Wanda bai taɓa zuwa ba ba zai yarda da yawan mutanen ba. Motoci a jere a gefen hanya, ƙungiyoyin motsa jiki kowace da kalar rigarta, 'yan coci, ma'aikatan banki, samari masu ganga da ƙararrawa suna waƙa suna gudu a tare, mata masu goyo, da wasu 'yan matan zango da na sani da hijabi da kambas. Kawu ya tsaya ya dube su ya ce, "Duk waɗannan ba wanda ya aike su?" Na ce ba kowa. Ya girgiza kai, ya yi bisimilla, ya sa kai.

Abin da ke kayar da sabon zuwa shi ne farkon hawan. Jiki yana da sanyi, waƙa tana tashi, kowa yana wuce ka, sai ka ga kai ma ka ɗaga ƙafa. Kawu ya ɗaga. Ya yi gaba da lemarsa yana wuce mata, ina biye ina cewa ya sassauta, yana cewa shi ba gurgu ba ne. Ba mu kai lanƙwasa ta biyu ba ya dafa ƙarfen gefen hanya, bakinsa a buɗe, jijiyar wuyansa tana bugawa ina ganinta. Na ba shi ruwa ya kurɓa kaɗan. Na tambaye shi ko ƙirjinsa na ciwo ko yana jin jiri, domin in da ya ce e, to tafiya ta ƙare a nan. Ya ce a'a, numfashi ne kawai ya tsere masa.

Da ya dawo hayyacinsa sai ya dubi hanyar sama da ƙasa, ya yi wata 'yar dariya. Ya ce, "Ka san a nan ba direban kirki da ke shiga da giya ta uku. Tun daga ƙasa kake sa ta biyu, in da kaya ka sa ta ɗaya, ka bar ta ta yi ta kuka tana tafiya. Wanda ya shigo da gudu, a daidai nan yake mutuwa." Ban ƙara masa ko kalma ba. Ya gajarta taku, ya rufe baki yana shaƙa ta hanci, ya daina kallon masu wuce shi. Ma'aunin da muke amfani da shi mai sauƙi ne: in za ka iya magana kana tafiya, to daidai kake, in magana ta gagara ka rage. Kawu bai sake yin shiru ba har sama, don haka na san lafiya lau yake.

Ya san hanyar fiye da ni, amma ta wata fuska. Ya nuna mini inda tsohuwar hanya take matsewa har mota biyu ba sa haɗuwa sai ɗaya ta tsaya, da inda yaran mota suke dira da katako a hannu su sa a bayan taya in injin ya mutu. Abin da bai taɓa gani ba shi ne dutsen kansa. A gefe guda an yanke shi tsaye don a fitar da hanya, ga shi nan falle-falle, ruwan daren jiya yana tsattsafowa daga tsagoginsa, an lulluɓe wasu wuraren da ragar ƙarfe saboda duwatsun da ke gangarowa da damina. Ya sa hannu ya taɓa, ya ce shekara da shekaru yana wucewa bai san yana zubar da ruwa ba. Shawarata ga mai zuwa ita ce ya bi ɓangaren kwari, kada ya raɓi jikin dutsen bayan an yi ruwa, kuma ya sa ido a kan motoci, domin hanya ce mai aiki, ba a rufe ta don masu tafiya.

Can wajen tsakiya akwai inda kowa ke tsayawa ɗaukar hoto. Daga nan Akara take shimfiɗe gaba ɗaya: Oyarifa da Adenta a ƙarƙashin ƙafarka, Madina, hasumiyar jami'ar Legon a kan nata ɗan tudun, jirgi yana saukowa a hankali, can ƙarshe kuma wani farin layi wanda shi ne teku. Bayan ruwan sama ake samun wannan. Daga Disamba zuwa Fabrairu, in iskar hunturu ta kawo ƙura, za ka sha wahalar hawa ka tarar da farin bango. Kawu ya daɗe yana neman unguwarmu da bakin lema. Abin da ya fi ba shi mamaki shi ne rufin gidaje, ya ce lokacin da ya fara tuƙi daga Madina zuwa gindin tudun nan daji ne da gonaki.

Mun isa Peduase rana ta ɗan ɗaga. A nan yawancin mutane suke ƙare tafiyarsu. An kafa manyan lasifika, wani yana gaba yana ba da umarni, ɗaruruwa suna tsalle suna miƙa. Masu kwakwa suna fasawa da adda, masu ruwan leda, masu gasa agade da gyaɗa. Muka sayi kwakwa biyu muka koma gefe, daura da katangar gidan shugaban ƙasa, Peduase Lodge, wanda aka gina a zamanin Nkrumah. Ba a shiga, kuma gara kada ka ɗaga waya wajen ƙofar, akwai masu gadi.

A cikin gidan nan aka yi taron da 'yan Najeriya suke kira na Aburi, ranar 4 da 5 ga Janairun 1967. Janar Ankrah, shugaban Gana na lokacin, shi ne ya gayyaci shugabannin sojan Najeriya, Gowon da Ojukwu da Hassan Usman Katsina da sauransu, ko za a sasanta. An rabu da yarjejeniya, kowa ya koma gida ya fassara ta yadda ya ga dama, a watan Mayu aka ayyana Biyafara, a Yuli yaƙi ya ɓarke. Kawu yana yaro a unguwar Nima a lokacin. Ya ce dattawa sukan zagaye rediyo da magariba, waɗanda danginsu ke Kano da Sakkwato da Zariya, ba mai tari. Daga nan ya zarce da kansa zuwa 1969, lokacin da gwamnatin Busia ta ba baƙi marasa takarda wa'adin barin ƙasa, ya lissafa gidajen layinsu da aka wayi gari an rufe. Ya shanye ruwan kwakwarsa, ya miƙa wa mai sayarwa ya fasa masa, ya kankare naman da ɓawon. Sannan ya ce, "Nan ne ƙarshen?"

Na ce nan ne inda ake juyawa.

"Aburi fa?"

Na ce da sauran tafiya, sai an wuce Kitase.

Ya ce tunda ya biya kuɗin hawa da ƙafarsa, ba zai koma bai ga kan tudun ba.

Ni a ganina wannan shi ne abin da masu juyawa a Peduase suke asara. Daga Ayi Mensah zuwa can motsa jiki ne a bakin kwalta, da hayaƙin mota da kiɗa. Ƙauyen yana farawa ne bayan an gama hawan. Hanya ta lafa, iska ta canza, zufar da ke bayanka ta yi sanyi har ka so mayafi. Wannan sanyin ne ya jawo Turawan mishan na Basel suka hau tudun suka zauna a Akropong a 1835, bayan zazzaɓi ya kashe 'yan'uwansu a bakin teku. Shi ne kuma yake jawo masu kuɗin Akara yanzu. Bayan Kitase mun bar kwalta muka bi wata hanyar ƙasa da abokaina suka taɓa nuna mini, sai muka tarar an ja katangar bulo a kanta, an rubuta gargaɗi da jan fenti cewa fili yana da mai shi. Haka ake ta yi a duk tsawon tudun. Hanyoyin ƙafa da mutanen gari suka bi tun kakanni suna ƙarewa a jikin katanga, bayanta kuma sau da yawa ba gida ba gona, sai ciyawa da tubali.

Muna tsaye sai ga wata mata da kwando a ka da adda a hannu. A nan Kawu ya fi ni amfani. Ya cire hularsa ya gaishe ta da yaren Twi irin na tasha, ya yi mata ayekoo, wato sannu da aiki, ya tambayi gida da yara, sai da aka gama duk wannan ya ce mu baƙi ne masu neman hanyar Aburi ta cikin gona, in an yarda. Ta ce mu biyo ta. Wannan ƙa'ida ce da ba a tsallakewa: gonakin nan na mutane ne, ba a shiga sai an yi sallama, ba a tsinkar ko gwanda ɗaya, kuma in aka ce maka wani kurmi ba a shigarsa, ka bar shi, kada ka tsaya tambayar dalili.

Hanyar siririya ce, mutum ɗaya take ɗauka, jar ƙasa mai santsi bayan ruwa. Rogo a dama, gwaza mai faɗin ganye a hagu, agade an tokare shi da sanda saboda nauyin nono, kwakwar manja nan da can. A wani gangare lemar Kawu ta yi aikin da aka ɗauko ta dominsa. Matar ta tsaya cak ta nuna ƙasa da bakin adda. Kwarkwasa ce ta yanke hanya, baƙin layi mai faɗin tafin hannu yana kwarara daga ciyawa zuwa ciyawa. Na durƙusa daga nesa na duba. Ƙananan suna gudu a tsakiya, wasu ɗauke da fararen ƙwai, manyan masu ƙaton kai sun jeru a gefe biyu sun ɗaga baki sama a buɗe, ba sa motsi. Ta ce mu tsallake da faɗi, kada mu tsaya kusa, kada mu buga ƙafa. Kawu ya tattare kaftaninsa ya yi wani tsalle da ban san yana da shi ba. Duk da haka guda biyu sun hau wandonsa, sai da muka tsaya gaba ya cire su yana salati.

A bakin gonarta ta ajiye kwando ta shiga cikin abarba, ta ƙwanƙwasa wannan ta ƙwanƙwasa waccan, ta sare ɗaya. Doguwa ce, bayanta kore shar, ni da a kasuwa ne da na ce ba ta nuna ba. Ta riƙe ta ta ganyen kai, ta feƙe ta da addar nan a tsaye, ɓawon yana faɗuwa a dogayen yanka, cikin fari fat, ruwan yana bin hannunta har gwiwa. Ba tsami ko kaɗan, har zuciyar ana ci. Kawu, wanda aka ce ya yi hankali da zaƙi, ya ci yanka uku yana kallon wani wajen. Da muka miƙa mata kuɗi ta ƙi, ya ce ba na abarba ba ne, na yara ne, sannan ta karɓa. Ta raka mu har inda ake jin ƙarar motoci, ta nuna mana sama.

Mun fito kusa da rumfunan masu sassaƙa da ke bakin Aburi, inda ake jera ganguna da kujerun katako, muka haura cikin gari zuwa lambun. Ana biyan kuɗin shiga a ƙofa, na ɗan ƙasa daban na baƙo daban. An buɗe lambun Aburi a 1890, a wurin da Turawan mulki suke da gidan jinya na ma'aikatansu, kuma daga nan aka riƙa raba wa manoma irin koko na cakulan da koya musu renonsa. Shigarsa layi biyu ne na dogayen itatuwan dabinon ado masu farin jiki, santala-santala. Ba mu zagaya duka ba, ƙafa ta riga ta yi nauyi. Wani ma'aikaci ya murza mana ganye ya ce mu shaƙa, Kawu ya ce kirfa ce tun kafin a gaya masa, ya yi mamakin ashe ɓawon itace ce yake sha a shayi. Mun ga tsohon jirgin nan mai saukar ungulu da yara ke hawa, muka wuce shi, muka zauna a gindin wani ƙaton rimi wanda saiwoyinsa suka fi mutum tsayi.

Da azahar ta yi muka yi alwala da sauran ruwan gora, muka duba alƙibla a waya, gabas ce ta ɗan karkata arewa, muka shimfiɗa sallaya a kan ciyawa. Ba wanda ya dube mu sau biyu. Abinci kuwa shawarata mutum ya taho da nasa ko ya tsaya a kan abin da ba nama, domin a wuraren cin abincin kan tudun ba ko'ina za ka san yankan ba. Mu dabino da gasasshen agade da gyaɗa suka riƙe mu.

Ban yarda mu sauko a ƙafa ba, shi ma bai nema ba. Gangara ta fi hawa cin gwiwa, ga rana ta take, ga kwalta ta yi zafi. A tashar Aburi yaron mota ya ga furfura ya ba Kawu gidan gaba, abin da ya zama jarrabawa ga direban. Tun daga Peduase Kawu yake kallon ƙafarsa. Da muka shiga gangaren sosai ya ce masa da Twi ya sauke giya ya bar taka birki, ko bai ji ƙauri ba? Direban, yaro ne da bai kai talatin ba, ya dube shi, ya dubi hular, ya sauke. Daga nan har Adenta hira suke yi a kan kuɗin mai da 'yan sanda.

Washegari cinyoyinsa suka ƙi lanƙwasuwa, a kan kujera ya yi sallar asuba, 'yarsa ta kira ni ta wanke ni tas. Zuwa Laraba ya warware. Yanzu maganar da ake ciki ita ce Mampong, gaba da Aburi kaɗan, inda Tetteh Quarshie ya shuka kokon da ya kawo daga tsibirin Fernando Po a 1879, gonar tana nan har yau ana zuwa gani. Na ce mu hau mota zuwa Aburi mu fara tafiya daga can. Shi ya ce daga Ayi Mensah, kuma ya riga ya gaya wa abokan zamansa biyu na benci su nemi kambas.